Muhawarar zauren ƴan Tawa: shin dimokuraɗiyya ta amfani talaka?

Ɗan Adar: Jama'a, tun bayan taron ƙasa na 1991 muke tsayuwa cikin rana muna jefa ƙuri'a. Mun zaɓi Mahamane Ousmane a 1993, mun zaɓi Tandja, mun zaɓi Issoufou ɗan jiharmu, amma a rahoton ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2019, Nijar ce ta ƙarshe cikin ƙasashe 189, kuma samarinmu ba su daina tafiya cirani Abijan da Libiya ba. Dimokuraɗiyya ba ta yi wa talaka komai ba illa mayar da shi bawan ƴan siyasa.

Hajiyar Ƙonni: Ƙanena, ka janye kalmar bawa, domin a wannan jihar ba abin wasa ba ce. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a matsayin wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata ba tare da aure ba, kuma sai da kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Yamai a 2008 ta kama gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Dokar da ta hukunta bauta a 2003 majalisar da kake rainawa ce ta amince da ita. Mutumin da ya sayar da ƙuri'arsa saboda turmin atamfa da sabulu da ƙafarsa ya je.

Tsohon Soja: Hajiya, wanda yunwa ta kora ba a cewa da ƙafarsa ya je. Kuma ina mamakin yadda kika kawo mana CEDEAO a matsayin shaida, ƙungiyar da ta rufe mana iyaka a 2023, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, magani ya yi wuya a asibitoci. Wannan ne haƙƙin ɗan Adam ɗin?

Hajiyar Ƙonni: Baba, kotun daban, shugabannin da suka sa takunkumin daban.

Tsohon Soja: Uwarsu ɗaya, ƴata. A zamanin mulkin soja na Kountché ma'aikaci bai isa ya taɓa buhun hatsin gwamnati ya kwana gidansa ba.

Mushen Lakwal: Baba, da girmanka, a zamanin da kake yabo wa ya isa ya buɗe baki? Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990 ba a ƙarƙashin mulkin dimokuraɗiyya aka harbe su ba. Idan ana neman inda kalmar bawa ta dace, to a can ne.

Tsohon Soja: A 1990 Kountché ya shekara fiye da biyu a kabari, Ali Saibou ne a kan mulki. Ka koma ka karanta abin da kake koya wa yara. Kowa ya san ɗan jam'iyyar Tarayya ne kai tun fil'azal.

Mushen Lakwal: Ali Saibou ba soja ba ne?

Ɗan Adar: Don Allah, ni fa maganar talauci na kawo.

Shugaban zaure: Na karanta duka, kuma abin da na fahimta shi ne mafi yawan mahalarta sun amince cewa zaɓe bai cika wa kowa rumbu ba, ko da yake wasu da aka san inda suka dosa sun yi ƙoƙarin karkatar da zancen zuwa kotunan waje. Muna gode wa Baba Tsohon Soja bisa gyaran tarihi da ya yi. Na rufe wannan batu, kuma duk wanda ya sake ambaton sunan wata jam'iyya zan fitar da shi.