Musayar Waƙa ta Lokacin Korona: A Buɗe Sinima Ko a Bar Ta da Kwaɗo?

Mai Majigi:

Sallama masu kallo, ga ƙorafin da nake kawowa,
Daga Maris na 2020, saboda korona, sinima ta yi ta buɗewa tana rufewa.
Fim ɗin jarumai masu tashi sama ba a waya ake morewa,
Don babban bango aka yi shi, da sauti mai girgizawa.
Dala miliyan 200 kan tafi kafin ya kai ga kammaluwa,
Talla ta zo ta ci nata, rabin haka ko ma zarcewa.
Kuɗin tikiti kusan rabi mai zaure ne ke riƙewa,
Sai an ninka jari biyu da rabi kafin a ce ba faɗuwa.
To wa zai biya wannan in kujeru babu mai zaunawa?

Injiniyan Iska:

Malam, lissafinka ya fita, sai dai ka tsallake numfashi,
Korona a iska take rataya, kamar hayaƙi in ya tashi.
Goge kujera da sinadari a aikin nan ƙaramin kashi,
Zaure ba taga, awa biyu da rabi jama'a na ta nishi.
Na'urar sanyi in ba ta jan iskar waje, ka lura da shi,
Abin da wani ya fesar take juyawa, ta kai wa na gefenshi.
Sauya iskar zaure sau 5 ko 6 a awa, wannan ka riƙe shi,
Sa matatar iska mai lambar inganci MERV 13, amma duba injin, kar ka shaƙe shi.
Matata mai ƙananan ƙofofi tsohon inji ba ya iya jan shi,
Iska ta ragu, ka kashe kuɗi, gyara ya koma rashi.
In bakin matata bai zauna daram ba, ta gefe ƙura ke bin shi,
Awon iskar kabon da muke fitarwa, saitin kujera ka rataye shi.
A waje kashi 400 da ɗoriya ne cikin miliyan, ƙasa da 800 ciki ba fushi,
In ya doshi 1,500 a tsayar da fim, kowa ya tashi.

Hajiya 'Yar Lissafi:

Ku biyun kun yi gaskiya, haɗa ku ne ke rushe tsari,
Birnin New York a Maris na 2021 ya buɗe da nazari:
Kashi 25 cikin 100, mutum 50 a zaure, ba ƙari.
Zaure mai kujera 200, kujera 150 na nan sarari,
Haya ba ta ragu ba, wuta da albashi na cin jari.
Ribar mai sinima tana gugguru da lemo, ba wani sirri,
Mai ci kuwa sai ya sauke takunkumi, nan ne hatsari.
Ka hana ci ka rasa riba, ka bari ka saki mai tari,
Shi ya sa aka ɗage fim ɗin Black Widow daga Mayun 2020, aka sake shiri,
Sai Yulin 2021 ya fito, a sinima da manhajar kallo ta Disney+ tun fari.

Ɗan Gardama:

Ku dakata yayyena, ni fim ɗin kansa nake wa bita,
Jarumi ya sa ɗamammiyar riga, mugu ya taso da ƙeta,
A rushe birni a sulusin ƙarshe, kwamfuta ta zana wuta,
Bayan sunaye a ɗan ɗora guntu, don kar aljihunka ya huta.
In ya fito ya kame zauruka, ƙaramin fim ya rasa gata,
A fara da masu ƙaramin jari, kujera 50 ta wadata.
Manyan a tura su intanet, mai so ya kalla can a kwata.

Mai Majigi:

Ƙanena, intanet an gwada, ba sabuwa kake faɗowa,
Wonder Woman 1984 a Disambar 2020 ya yi fitowa,
Sinima da manhajar HBO Max rana ɗaya, a Amurka aka yi gwadawa.
Da ɓarawo bango yake ɗauka, hoto duhu yana rawa,
Yanzu kwafi garau yake samu, cikin awoyi ya bazu ga kowa.
A zaure kai ɗaya tikiti ɗaya, a gida biya ɗaya gayya na kallowa.
Kwana 90 sinima ke riƙe fim a da, kafin a kai shi gida nunawa,
Universal mai yin fim da AMC mai zauruka suka mai da shi 17, Yulin 2020 suka yi shiryawa.

Injiniyan Iska:

To Malam, a buɗe, amma ga sharaɗi, a bango a manna shi,
A duba yawan masu kamuwa a yankin, in yana hawa a jinkirta shi.
Tikiti a waya a yanka, layin ƙofar nan a kashe shi,
Kowane zaure da lokacin farawarsa, cunkoson baranda a raba shi.
Iyali su zauna tare, kujera biyu a bari tsakaninsu da na kusa da shi,
Takunkumi ya rufe hanci, na kan haɓa ba a ƙirga shi.
Tsakanin fim da fim rabin awa, inji na aiki, kar a kashe shi,
Mai tsaron ƙofa ya fi mai kallo daɗewa ciki, a fara rigakafi da shi.