Ram ɗaya mai giga 16 ko biyu masu takwas-takwas? Ku ba ni shawara kafin in shiga Kano

Ɗan Gefen Maigatari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bana Allah ya yi wa riɗina albarka, na sayar da buhu huɗu, na ware kuɗin don in haɗa kwamfutar gem irin ta tebur. Ina da shagon cajin waya a ƙauyenmu, kuma yaran da ke zuwa sun dame ni da maganar eFootball da GTA V. Wani aboki ya rubuta min furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, madabod B450 da katin hoto RX 6600. A ram, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe bayanan da take aiki da su, na tsaya cak. Wani mai shago ya ce in ɗauki ƙwaya ɗaya mai giga 16, wani kuma ya ce DDR4 ta zama tsohon yayi, in nemi DDR5. Akwai ma ram mai giga 8 a cikin mataccen laftof ɗina, ko zan iya ƙarawa da ita? Wutarmu sola ce, batir ɗaya mai amfiya 200 da inbata. Ranar Asabar zan shiga Farm Centre in sha Allah.

Injiniya Mai Gyara:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya ce maka DDR5, ko dai bai dubi takardarka ba, ko kayan da suka kwana masa yake son saukewa. Ryzen 5 5600 a kan soket AM4 yake zama, AM4 kuwa DDR4 kaɗai ya sani. DDR5 sai AM5, wanda AMD ta fitar a 2022, kuma in ka bi can sai ka canja furosesa da madabod duka, buhu huɗun nan ba za su kai ka ba. Ko tsagin da ke ƙasan ram ɗin ba wuri ɗaya yake ba, in ka matsa sai dai ka karya. Ta laftof ma ka bar ta inda take, gajeriya ce, ba ta shiga ramin kwamfutar tebur.

Ka sayi biyu masu takwas-takwas, waɗanda suka zo a kwali ɗaya, DDR4 mai gudun 3200 CL16. Furosesan nan hanya biyu gare shi ta ɗebo bayanai daga ram. In ka sa ƙwaya ɗaya, ka rufe hanya guda, kamar rijiya ce mai bakin guga biyu ka ce mutum ɗaya zai ja ruwa. In madabod ɗin mai rami huɗu ne, ka saka su a na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen furosesa. Sannan ka shiga BIOS, wato saitin madabod, ka kunna XMP don ram ta yi cikakken gudunta, a allon ASUS DOCP ake ce masa. Na sha buɗe kwamfutar da mai ita ya biya kuɗin 3200, ita kuwa tana ta tafiya a 2133 shekara guda bai sani ba.

Kuma kafin ka biya, ka sa su kunna B450 ɗin da furosesan a gabanka. Tsofaffinsu sai an sabunta BIOS suke karɓar 5600.

Na Ringim:
Injiniya ya gama maganar ram, ni wuta ce ta tsaya min. Furosesan wat 65, katin wat 132, ka haɗa da monita da sauran tarkace, ka ɗauka kusan 300 in gem ya yi zafi. Batirinka in na bolt 12 ne, wat 2,400 ke nan na awa guda, kuma rabi ya kamata ka ci in kana son ya daɗe. Awa huɗu da dare, ban da wayoyin mutane da ke jone. Ni da ni ne, 5600G zan ɗauka, mai hoto a cikinsa, in bar katin sai kaka mai zuwa.

Injiniya Mai Gyara:
Malam Na Ringim, 5600G zai ja eFootball in an rage kyan hoto, amma yaran da suka saba ganin PS4 a gidan kallo za su raina shi. Kuma shi ne ma ya fi buƙatar ram biyu, don daga cikinta yake yankar rabonsa na hoto. Gara ƙanen namu ya ɗauki katin, a yi gem da rana lokacin da farantin sola ke ba da wuta.

Maman Abba Kazaure:
Ɗana ya haɗa irinta bara. Ya kashe komai a kati, ya sayi fawa saflai, mai raba wa kwamfuta wuta, na hannu marar suna a wani shago, sati uku ta yi ƙauri ta tafi da madabod. Ka nemi mai wat 550 da tambarin 80 Plus Bronze, ka kuma tabbata inbatarka mai tsabtatacciyar wuta ce. Ƙurar hunturu ma kada ka manta, ka ɗora akwatin a kan tebur, kada ka ajiye shi a ƙasa.

Ɗan Gefen Maigatari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na je na duba inbatar, rubutun jikinta duk ya goge, gobe zan kai wa wanda ya haɗa min solar ya gani. Injiniya, in na sami ram mai gudun 3600 da ɗan bambancin kuɗi kaɗan, in ɗauka ko in ƙara kuɗin a SSD, ma'ajiyar fayil?