Ginzo rafi ne ko babbar kwata?

Ɗan Marusa:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka mini da bayani kan Ginzo na birnin Katsina. Dattawa rafi suke ce masa, yaran yanzu kuwa kwata suka ɗauke shi. Mene ne asalinsa? Kuma me ya sa ba ya ƙafewa da rani, amma da an yi ruwan awa guda sai ya nemi shiga gidaje?

Malamin Labarin Ƙasa:
Wa alaikumus salam. Rafi ne na asali, ba wanda ya haƙa shi. Rafuka biyu ke kwashe ruwan birnin Katsina, Ginzo da Tille, kuma duka na damina ne. Ginzo gefen gabas yake bi, ta wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, ya wuce Ƙofar Sauri. Ruwan saman da Katsina ke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ta fi yawa. Irin wannan rafi da damina ta wuce sai ya koma yashi, sai an tona a tarar da ruwa a ƙasa. To wanda kake gani yana gudu a watan Maris ba na sama ba ne, na wanka da wanki ne daga unguwanni. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gari ke faɗaɗa, kwatoci kuma duk can suke zubewa.

Mai Awon Hanya:
Allah ya gafarta Malam, bari in ɗora da batun ambaliya. Da can ƙasar da aka yi ganuwa da gidaje da ita a cikin gari ake haƙo ta, ramukan suka zama kududdufai. Su ke tare ruwan farko, ya riƙa tsuma ƙasa a hankali. Yanzu an cike da yawansu da bola an yi gini, rufi ya koma kwano, tsakar gida siminti. Ruwan da zai kwana yana nutsewa, cikin mintoci yake isa rafi gaba ɗaya. Sai ya tarar da kwalbati cike da leda da yashi, ya ja baya, ya bi ta inda ya samu. Masu ɗibar yashi ma ba su taimaka ba: in aka zurfafa tsakiyar rafi, ruwa sai ya ci gindin gaɓa, ta tsage ta rufta, har da katangar da ke kanta. Yasar kwalbati a watan Mayu ake yi, ba bayan ruwa ya sauka ba, kuma a kwashe abin da aka fitar, don in aka tara shi a baki ruwan farko zai mayar da shi.

Na Bakin Lambu:
Kada a manta da masu lambu. Latas, kabeji, alayyafo da albasa na wajen Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Sauri da wannan ruwan ake ba su, da jigo a da, yanzu da inji. Ganye yana yin kyau, don ruwan taki ne da kansa. Illar tana ga abin da ake ci ɗanye, musamman latas. Gara a haƙa rijiya nesa kaɗan da gaɓa, yashi ya tace ruwan, a kuma bi da shi ta gindin shuka maimakon watsa shi kan ganye.

Ɗan Marusa:
Na gode ƙwarai. Ke nan ba shi da haɗi da ruwan famfo?

Malamin Labarin Ƙasa:
Babu. Wancan galibi daga madatsar Ajiwa yake, kan kogin Tagwai, a ƙaramar hukumar Batagarawa.