Gado, tebur da ma'ajiyar kayan wasa: wanne zai raka yaro har ya girma?

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni gogewa a wannan al'amari. 'Yan biyuna sun shiga shekara ta uku, gadajen jarirai sun yi musu kaɗan, kayan wasansu kuma sun mamaye ɗaki ta yadda idan na shiga da daddare sai na riƙa lalube da ƙafa kada in taka wani abu mai tsini. Ɗan teburin da muka saya musu bara ya fara rawa, durowa ɗaya ma ƙasanta ya zube. Ba na son in sake sayen abin da zan zubar bayan shekara biyu. Me ya kamata in duba a jikin kaya kafin in saya, kuma shin gadajen nan da ake cewa suna rikiɗewa daga na jariri zuwa na babba sun cancanci a saye su?

Kafinta:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari in fara da durowar da ta zube, domin daga nan za ki gane sauran. Yawancin kayan yara da ake harhaɗawa a gida ana yin su ne da allon da aka matse daga ɓarɓashin katako da gam, sannan a lulluɓe shi da leda mai kama da katako. A ido yana da kyau, amma yana da rauni biyu. Idan ruwa ya shiga ta gefensa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. Idan kuma aka kwance sukuru aka sake ɗaurawa, ramin yana zubewa kamar gari, sukurun ya daina kamawa. Yaro kuwa dole ya zubar da ruwa, dole ya hau kan tebur, ku ma wata rana dole ku matsar da kayan.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne katako na asali ko filawud mai kauri. Filawud siraran katako ne da aka jera, kowane falle jijiyarsa ta gitta ta wanda ke ƙarƙashinsa, shi ya sa ba ya saurin lanƙwasa kuma yana riƙe sukuru da kyau. Idan kantar ajiya za a yi da shi, kada kaurinsa ya gaza milimita 18. Shi kuma katako na asali, ko yaro ya zane shi da biro ko ya ƙwarzane shi, sanfefa da sabon fenti sun mayar da shi sabo.

Idan kin je saye, ki dafa kusurwa ɗaya ki girgiza; abin da ya yi rawa yana sabo, rawarsa ƙaruwa za ta yi. Ki zaro durowa gaba ɗaya ki kifa ta, ki ga ko ƙasanta ya shiga cikin tsagi ta kowane ɓangare ko kuwa ƙananan ƙusoshi kawai aka buga. Ki leƙa baya kuma, domin allon bayan ne yake hana kabad karkacewa, kuma a nan ne masu ƙera kaya suka fi yin rowa tunda sun san ba a dubawa. A gado, ki nemi wanda aka haɗa da noti mai shiga cikin ƙarfe, wanda za a iya ƙara ɗaurewa duk lokacin da ya saki.

Baban yara uku:
Malam kafinta ya yi bayani, Allah ya saka. Ni zan amsa tambayar gadon da ke rikiɗewa, domin na saya, kuma ban ji daɗinsa ba. Lokacin da ɗana na fari ya isa a sauya masa gadon, an haifi ƙanwarsa, ita kuma gadon jariri take bukata, saboda haka ya zauna a yadda yake, muka sayi wani. Da na uku ya gama da shi bayan shekara shida, sai aka nemi ƙarafunan da ake sauya shi da su aka rasa, kamfanin kuma ya daina yin irinsa. Ko da an same su, katifar irin waɗannan gadaje yawanci santimita 70 ce a faɗi da 140 a tsawo, wadda yaro ɗan shekara biyar ko shida zai fara takura a kanta.

Shawarata, ƙanwata, tunda naki sun wuce jarirai, ki tafi kai tsaye ga gadon mutum ɗaya na manya, mai santimita 90 da 200 ko abin da ya yi kusa da haka, amma gajere a ƙasa, ki sa masa katangar gefe da ake iya cirewa. Wannan gadon zai kai su har balaga, kuma ba za ki sha wahalar neman katifa ko zanin gado na daban ba. Ki guji gado mai siffar mota ko fada. Yaron da ya yi kuka a saya masa shi yana shekara uku, shi ne zai ji kunyarsa yana shekara takwas. Abin da yaro yake so a yau a sa masa shi a zanin gado da labule, waɗanda sauya su ba wuya.

Abu ɗaya mai sauyawa da na yarda da shi shi ne kujerar cin abinci mai allon zama da allon taka ƙafa da ake ɗagawa ko saukewa. Wani ɗan ƙasar Nowe, Peter Opsvik, ya zana wadda ake kira Tripp Trapp a 1972, har yanzu ana ƙera ta, wasu kamfanoni ma sun bi tsarin. Abin da ya sa take aiki shi ne babu wani ɓangare da ake cirewa a ajiye har ya ɓata. Allunan nan biyu kawai ake matsarwa daga tsagi zuwa tsagi.

Malamar nazare:
Ni maganar ajiyar kayan wasa zan yi, domin da ita nake fama kullum a aji. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne sayen ƙaton akwati guda a riƙa zuba komai a ciki. Yaron da yake neman ƙaramar mota ɗaya sai ya juye akwatin duka, abin da ke ƙasa kuma ya karye ko a manta da shi. Abin da ya fi shi ne gajeriyar kanta buɗaɗɗiya, mai hawa biyu ko uku, wadda yaro zai ga abin da ke kai ya kuma miƙa hannu ya ɗauka ba tare da ya hau komai ba. Wannan ba sabon tunani ba ne. Maria Montessori ta yi amfani da kujeru da tebura da kantoci daidai tsawon yara tun a makarantarta ta farko da ta buɗe a birnin Rum a 1907.

A kan kantar sai ki jera ƙananan kwanduna ko robobi marasa murfi, kowanne da nau'insa, ki liƙa hoton abin da ke ciki a gaba tunda ba su fara karatu ba. Kwandon kada ya fi ƙarfin yaron, domin idan ba zai iya ɗauka ba, ba zai iya mayarwa ba, aikin ya dawo kanki ke nan. Kanta mai ramuka murabba'i irin Kallax ta kamfanin IKEA, wadda kowane raminta yake kusan santimita 33, tana da kyau ta wannan fuska: yau kwandunan wasa, gobe littattafai, jibi takalma.

Sannan, Yaya, ki rage abin da ke waje. A wani bincike na Jami'ar Toledo ta Amurka da aka wallafa a 2018, an ba ƙananan yara kayan wasa 4 a wani zama, 16 a wani, sai aka ga sun fi daɗewa a kan abu ɗaya kuma sun fi sarrafa shi ta hanyoyi daban-daban idan kayan kaɗan ne. Ki ɓoye fiye da rabi a saman kabad, bayan mako biyu ko uku ki musanya. Za ki ga suna murna kamar sabo kika sayo.

Kakar jikoki:
Malama, ban ƙi maganarki ba, amma kada a yi wa akwati rashin adalci. Wanda ke ɗakina na katako ne, 'ya'yana sun yi amfani da shi, yanzu jikoki suna zama a kansa suna sa takalmi. Manyan abubuwa irin su ƙwallo da 'yartsana da barguna ai ba su zama a kanta. Tsohon abu mai ƙwari da aka gyara ya fi sabbi da yawa da nake gani yanzu.

Ma'aikaciyar jinya:
Mama, gaskiyarki ce game da ƙwari, sai dai ina roƙon a duba abu uku a jikin kowane akwati kafin a bar wa yara. Murfi mai nauyi yana iya faɗowa a wuyan yaro yayin da ya sunkuya ciki, don haka ko a cire shi, ko a sa masa hinji mai riƙe shi a duk inda aka sake shi. Kada ya kasance da makulli mai kama kansa, domin yara suna shiga ɓuya. A kuma huda masa ramukan shan iska. Idan tsohon fenti ne a jikinsa yana ɓarewa, a yi hattara, saboda fentin da na iya ƙunsar dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. A Amurka sai a 1978 aka hana amfani da fenti mai dalma a gidaje, wasu ƙasashe kuma sun jima bayan haka.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kifewar kabad. Yaro yana jawo durowoyi ya mai da su tsani, nauyi ya rinjaya gaba, kabad ɗin ya faɗo masa. A 2016 kamfanin IKEA ya janye kabad masu durowa kusan miliyan 29 a Amurka bayan mutuwar yara ta wannan hanya, kuma tun 2023 dokar ƙasar ta tilasta a gwada irin waɗannan kaya kafin a sayar. Duk abin da ya fi yaro tsawo, ko yake da durowa, a ɗaure shi a bango. Kaya masu nauyi su zauna a hawan ƙasa, kuma kada a ɗora abin da yaro ke kwaɗayi a can sama inda yake hangowa.

Tunda 'yan biyu ne, na san wani zai kawo shawarar gado mai hawa biyu. A dakata tukuna, domin ƙa'ida ita ce yaron da bai kai shekara 6 ba kada ya kwana a sama. Ƙananan abubuwa kuma, musamman batir mai kama da maɓalli da ƙananan maganaɗisu, wurinsu daban ne, a rufe, inda hannu ba ya kaiwa.

Mai zaman haya:
Ina bin bayanin nan da kyau. Matsalata ita ce mai gidan da nake haya bai yarda a huda bango ba. Yaya zan yi da maganar ɗaurewa?

Kafinta:
Ɗan'uwa, ka fara yi masa magana, domin rami biyu ne ƙanana da ake cikewa cikin minti kaɗan ranar tashi, kuma da yawa suna yarda idan sun ji dalili. Idan ya ƙi, to ka bar dogayen kaya gaba ɗaya, ka nemi gajeru masu faɗin gindi, irin kantar da Malama ta ambata a kwantar da ita a tsawonta. Kada ka dogara da abin liƙawa mai gam, yana sakewa ba tare da ka sani ba. Ga masu hudawa kuma, abin da ake cusawa a rami ya danganta da bango: na bulo da siminti daban, na allon da ke da rami a bayansa daban, kuma a irin wannan gara a nemi inda ginshiƙi yake. A jikin kabad ɗin ma a ɗaura a katakon sama mai kauri, domin siririn allon baya yagewa zai yi.

Maman 'yan biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yanke shawarar gadaje biyu gajeru na manya, da kanta buɗaɗɗiya guda, kabad ɗin kayan sawarsu kuma gobe za a ɗaure shi, domin jiya ma na tarar da ɗaya a tsaye cikin durowar ƙasa. Saura tebur. In sayi mai ƙafafun da ake ƙara wa tsawo, ko in sayi ƙarami in sauya daga baya?

Malamar nazare:
A ma'aunin kayan makaranta na Turai, yaro mai tsawon kusan mita ɗaya tsayin kujerarsa santimita 26 ne, na teburinsa 46. Abin lura shi ne tafin ƙafarsa ya taka ƙasa, gwiwar hannunsa kuma ta zo daidai saman tebur idan ya zauna.

Kafinta:
Hajiya, masu ƙafar da ake zugewa suna da kyau idan noti ne yake ratsa rami ya riƙe su, amma masu maɓallin roba da ake murɗawa suna sakin jiki da wuri. Hanya mafi sauƙi ita ce ki sa a yi miki saman tebur mai kyau na filawud, mai faɗin da zai ɗauki su biyu, a goge kusurwoyinsa su yi kwana, a ɗaura masa ƙafafu masu kwancewa. Idan sun shiga firamare sai a sauya ƙafafun kawai da dogaye, su kuma gajerun ki ɗaure su tare da notinsu a leda, ki liƙa a ƙarƙashin teburin don kada su bi sawun ƙarafunan gadon Baban yara uku.