Aiki ta hannun ejansi: me ya sa ake sallamar yara kafin wata shida?

Malam Ɗanlami, Nima:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu sanin harkar ƙwadago, ku taimaka da bayani. Matasanmu na Nima, Maamobi da Ashaiman da ke samun aiki a masana'antun Tema da ɗakunan ajiyar kaya na hanyar Spintex, da yawansu yanzu ba kamfanin ne ke ɗaukarsu ba, ejansi ce, wato kamfanin da ke samo wa wasu kamfanoni ma'aikata. Gadi, shara, lodin kaya, tuƙi, duk haka. Sai yaro ya yi wata biyar a ce ya je gida ya huta, bayan sati biyu a sake kiransa. Mene ne sirrin wannan hutun? Kuma wa ke da alhakin biyan SSNIT ɗinsa, wato gudummawar da ake kai wa hukumar fansho ta ƙasa?

Hajiya Rabi, Madina:
Wa'alaikumussalam Malam. Amsar tana cikin Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, wato Act 651. Sashe na 75 ya ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida ko fiye a jere wurin mai aiki ɗaya, a ɗauke shi kamar na dindindin. Sashe na 12 kuma ya wajabta rubuta yarjejeniya idan aikin ya kai wata shida. To hutun nan na wata na biyar yanke lissafin ake yi, don kada kwanakin su haɗu.

Abin da kamfani ke gudu shi ne nauyin da ke biyo baya, musamman kuɗin sallama idan aka rage ma'aikata, wanda dokar ta cire ɗan baide (mai aikin ladan yini) da mai kwangilar ƙayyadadden lokaci daga cikinsa. Shi ya sa yake miƙa ɗaukar mutane ga ejansi: ya biya kuɗi dunƙule a wata, oda ta yi yawa ya ce a ƙaro mutum talatin, kasuwa ta ja baya ya ce a rage.

Amma a lura, sashe na 12 bai tsaya kan wata shida a jere ba, ya haɗa da ranakun aikin da jimillarsu ta kai wata shida cikin shekara guda. Don haka yaro ya riƙa rubuta ranakunsa a ɗan littafi, ya ajiye kowace takardar albashi da saƙon MoMo. Ranar da magana ta kai gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, shaida ake tambaya.

Alhaji Sule, Ashaiman:
Hajiya ta yi bayani. Ni kan SSNIT zan tsaya, nan ne aka fi cutar yara. Wanda sunansa ke kan takardar ɗaukar aiki, wanda kuma ke biyan albashi, shi zai biya. Galibi ejansi ke nan. Dokar Fansho ta 2008 ta sa kashi 18.5 cikin ɗari na albashin tushe, wato albashi ban da alawus: 5.5 daga ma'aikaci, 13 daga mai aiki. Idan tushen sidi 1,000 ne, a cire wa yaro 55, ejansi ta ɗora 130, ya zama 185. A ciki 135 na SSNIT ne, 50 na wani asusun fansho daban da ake kira mataki na biyu. Kuma kwana 14 ke gare su bayan ƙarshen wata su kai kuɗin.

Ɓarnar iri biyu ce. Wasu su cire 55 ɗin su riƙe. Wasu kuma, wannan ya fi wuyar ganewa, su rubuta tushe ƙarami su mayar da sauran alawus, sai gudummawar ta ƙanƙance, fanshon ma haka. Maganinsa yaro ya ɗauki Ghana Card ɗinsa ya je ofishin SSNIT a fitar masa da bayanin asusu, ya gwada wata-wata da takardar albashinsa. Kowane wata uku ya duba, kada ya bari sai ejansin ta rufe ofis.

Yaya Bashiru, Sabon Zongo:
Alhaji, a ƙara da batun kuɗin fom, don tun kafin a fara aiki ake cin wasu. Ejansi ta gaskiya kamfani ce mai rajista da lasisin ministan ƙwadago. A nemi ganin lasisin a duba ranar ƙarewarsa. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce idan wata uku ya wuce ba ta samo wa mutum aiki ba, ta mayar masa da rabin kuɗinsa. Wanda bai karɓi rasit ba, da me zai nema?

Sai lissafin baide. Mafi ƙarancin ladan yini a 2025 sidi 19.97 ne. Wanda ke aikin ranakun mako kawai, ninkawa ake yi sau 27, wato sidi 539.19 a wata a lissafin 2025, ƙasa da mafi ƙarancin saɓa doka ne. Ranar da ya zo wurin aiki ruwan sama ya hana, ladan ranar nasa ne cikakke. Abin da ya wuce awa 8 a yini kuma obataim ne, a tabbatar an rubuta farashinsa a takarda kafin a sa hannu.