Gidauniyoyin attajiran gari: me ya sa ba sa amsa mana?

Maman Biyu

Assalamu alaikum. Muna da ƴar ƙungiya a wani matsakaicin birni a Amurka, muna yi wa ƴaƴan baƙi ƙarin darasin karatu da lissafi bayan an tashi makaranta, a ɗakin ƙasa na wani gini da aka ba mu aro. Hukumar haraji ta IRS ta ba mu shaidar 501(c)(3), wato ta ƙungiyar agaji da aka yafe wa haraji, abin da muke kashewa a shekara kuwa bai kai dala dubu 40 ba. Mun rubuta wa gidauniyar iyalan wani attajirin garin muna neman dala dubu 100 don mu kama hayar wuri, amma shiru kamar an shuka dusa. Sai an san mutum ne, ko akwai wata hanyar da ake bi?

Tsohon Ma'aji

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri kan wannan aiki. Kafin ki sake rubuta ko layi ɗaya, ki nemo fom ɗinsu na haraji. Duk gidauniya irin wannan dole ta cike 990-PF kowace shekara, kuma kowa yana iya ganinsa kyauta a shafin ProPublica ko na Candid.

Ki wuce lissafin farko, ki gangara wajen ƙarshe. Akwai wani ɗan akwati da ake yi wa alama idan gidauniyar ba ta karɓar buƙata daga kowa sai ƙungiyoyin da ta zaɓa da kanta. In kin ga alamar, to mai yiwuwa ko buɗe wasiƙarku ba a yi ba. Ƙasa da shi akwai jerin duk waɗanda ta ba kuɗi a shekarar, da suna da adadi. Nan zancen yake. In kin tarar yawanci dala dubu 5 ko dubu 10 take bayarwa, ke kuma kin nemi dubu 100, ai kin kori kanki da kanki. In asibiti da gidan tarihi ne suka cika jerin, ki nemi wata ƙofar.

Kuma kada ki je musu kina jin kamar bara kike yi. Doka ta tilasta musu fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na darajar jarinsu kowace shekara, in ba haka ba a ci su tara. Mai jarin dala miliyan 10 sai ta fitar da wajen dubu 500, har da wasu kuɗaɗen gudanarwa a ciki. Suna neman inda za su zuba kuɗin, sai dai ba sa son su ji kunya.

Batun sanayya kuwa, akwai shi, ba zan ɓoye miki ba. A irin garinku, amintattun gidauniyar sau da yawa ƴaƴa ne da jikoki da lauyan iyali, wata ma ba ta da ma'aikaci ko ɗaya. Sunayensu na cikin fom ɗin. Ki kai jerin gaban kwamitinku, ƙila wani ya san wani. Masu kuɗin nan suna da kishin garinsu ƙwarai: gidauniyar Mott da aka kafa a 1926 har gobe tana da shiri na musamman don birnin Flint, inda aka kafa ta. Saboda haka ki gayyace su su zo su ga yaran a kan tebur da fensir a hannu, sannan ki nemi abin da bai fi ƙarfin kasafinku ba, a kan abu guda, kamar alawus ɗin malami na shekara.

Ƴar Lissafi

Baba ya faɗi gaskiya, amma ni ba daga gidauniyar iyali zan fara ba. Ki fara da gidauniyar al'umma ta garin, wadda ke tattara kuɗin mutane da yawa (a Cleveland aka kafa ta farko a 1914). Galibi suna da ranar rufe karɓar takardu da jami'in da zai ɗaga waya, kuma in sun ba ku, iyalan attajiran sun fi saurin yarda da ku.

Sannan Anti, dubu 100 daga hannu ɗaya na iya jawo muku matsala. IRS na son kashi ɗaya cikin uku na kuɗinku ya fito daga jama'a, ana lissafawa a kan shekara biyar, kuma ɗan kaɗan ne daga kyautar gidauniya mai zaman kanta, irin ta iyali, ke shiga wannan kason.

Maman Biyu

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba yanzu, akwatin nan da alama a ciki, kuma mafi girman abin da suka bayar bara dala dubu 15 ne. Baba, a sake rubuta musu ko a haƙura?

Tsohon Ma'aji

A sake rubutawa, amma ba takardar neman kuɗi ba. Ki aika musu gajeren rahoton shekara, shafi ɗaya da hoto, tare da gayyatar bikin ƙarshen zango. Kuma ki tabbata kuna cike 990-N ɗinku, wato gajeren fom ɗin da ƙananan ƙungiyoyi ke cike wa IRS duk shekara, don shekara uku a jere babu shi IRS na soke shaidar, ba tare da an zauna wata shari'a ba.