Allurar Inna da zafin Bauchi: firji zan ɗora wa sola ko fanka?

Maman Hanifa, Fadaman Mada

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sola da masu jinyar tsofaffi a gida.

Inna, mahaifiyata, ta dawo wurina da zama tun bayan rasuwar Baba. Ta haura saba'in, tana da ciwon suga da hawan jini, kuma tun bara likita ya mayar da ita kan allurar insulin safe da yamma. Lokacin hunturu ban damu ba, amma kun san yadda garin nan yake daga Maris zuwa Mayu. Ɗakinta rufin kwano ne, silin ɗin ma duk ya ɓule. Wuta a layinmu sai tsakar dare ake kawowa, firji ya ɗan yi sanyi, kafin la'asar ya koma kabad. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023, sai an yi baƙo muke tayarwa.

Ƙanina da ke Legas ya turo kuɗi ya ce a sa sola, amma kuɗin ba zai ɗauki gida duka ba. Mai sola na farko ya ce fanka biyu da fitilu da cajin waya kawai zai ja. Na biyu ya ce in ƙara kaɗan, har firji zai ɗauka. Na rasa maganar wa zan kama.

Sannan ga ita Innar. Fanka mai caji da ya aiko mata, ina ba da baya take kashewa, wai iskarta na sa mata ciwon gaɓoɓi, gara maficinta. Ruwan firji ba ta sha, sai na randa, shi ma kurɓa ɗaya ta ture kofin, wai ba ta jin ƙishi kuma ba ta son yawan tashi kewayawa da dare. In na ɗaura mata abin awon jini, tana mita ana matse mata hannu har ya gama, lamba ta fito a sama, hankalin kowa ya tashi. Babbar wayar da aka saya mata don kiran bidiyo tana cikin leda a ƙarƙashin filo, ita dai rakani-kashinta. Ni koyarwa nake yi, ba na dawowa sai bayan azahar, 'yar yayata ce ke zama da ita.

To, ina zan ajiye allurar nan kada ta lalace? Kuma ya ake yi da tsohuwar da ta ƙi duk abin da aka kawo don jin daɗinta?

Ɗan Bolari, Gombe

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Sana'ata ke nan, don haka bari in yi miki lissafin da ya kamata su yi miki.

Batir ɗin tubula mai 12V, 200Ah, a takarda yana riƙe wutar da za ta ba da kilowat 2.4 na tsawon awa ɗaya, amma in kina so ya yi ƙarko rabi kawai za ki riƙa ci. Ƙaramin firji a wannan zafin zai iya cinye wannan rabin shi kaɗai a rana, tunda injinsa kusan ba ya hutawa. Kuma lokacin da yake tashi yana fizgar wuta ninki da yawa, ƙaramar inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, sai ta yi ƙara ta ɗauke. Wanda ya ce ki ƙara kaɗan, ki ce ya rubuta miki girman inbata da yawan batir da farantin sola a takarda, ya sa hannu. Yawanci a nan ake rabuwa.

Ni dai da kuɗin nan fanka zan fara da ita, kuma irin ta DC mai aiki da wutar batir kai tsaye, wadda ba ta cin ko rabin wutar fankar sama ta gargajiya. Idan da hali ki ɗauki batirin lithium, ya fi tsada amma ba ruwanki da zuba masa ruwan batir, kuma ana cin kaso mai yawa na cajinsa ba tare da ya lalace ba. Kowanne kika saya kada a ajiye shi a ɗakin da rana ke duka, zafi ke kashe batir da wuri a ƙasar nan. A bar tazara tsakanin faranti da kwano iska ta riƙa wucewa, a kuma riƙa wanke ƙura da sassafe kafin ya yi zafi. Wani in ya kira ni yana faɗa sola ta mutu, in na hau sama sai in tarar ƙura ce har ana iya rubuta suna a kai.

Anti Nas, Azare

'Yar'uwa sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Kwalbar insulin da ba a buɗe ba tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, wato cikin firji amma ba wajen ƙanƙara ba. Idan ta daskare ta tashi aiki, ko ta narke kada a yi amfani da ita. Wadda aka buɗe kuma yawancinsu suna yin kamar mako huɗu a waje, muddin zafin wurin bai wuce digiri 30 ba, wasu ma 25. Ki duba takardar da ke cikin kwalin. Matsalar ita ce ɗakin kwano a Afrilu ya wuce haka nesa. Saboda haka ki daina sayen kwalba da yawa lokaci guda, ɗaya ko biyu sun isa, ta ajiya ki kai gidan maƙwabci ko ɗan'uwa mai tsayayyar wuta.

Wadda ake amfani da ita, ga abin da muke koya wa mutanen ƙauye. Ki sami tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, babba da ƙarama. Ki sa ƙaramar cikin babbar, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa shi sosai, ki rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kwalbar ki sa ta cikin ƙaramar roba mai murfi don ruwa kada ya taɓa ta. A riƙa ƙara ruwa a yashin safe da yamma. Ba zai kai sanyin firji ba, amma ya fi ɗaki sauƙi sosai, musamman yanzu da iska take a bushe. Damina na kankama aikinsa yake raguwa. Tsinken gwajin suga ma zafi na ɓata shi, kada ki bar shi a mota ko bakin taga.

Maganar ruwa ta fi tayar mini da hankali. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro ko da jikinsa ya bushe, ga suga yana sa fitsari, wasu magungunan hawan jinin ma suna ƙara shi. Ki bar mata ruwan randarta, ba dole sai na firji ba, amma a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan tun daga safe, a rage bayan isha'i. Ki gaya wa yarinyar da ke zama da ita: in ta ga Inna na gumi, hannu na rawa, ko magana ta rikice, kada ta ce zafi ne kawai, ta gwada suga. Ƙasa da 70, ko 3.9 a wasu na'urorin, ya sauka, a ba ta ruwan sukari in tana iya haɗiya, a kira ki. In ba ta cikin hayyacinta kada a ɗura mata komai, asibiti kawai.

Awon jini kuwa, ta zauna ta huta minti biyar, baya a jingine, hannu daidai ƙirji, kuma ba magana. Ki rubuta lambobin a littafi ki kai wa likita.

Dattijon Wunti

'Yata, ni sa'an Innarki ne ko kusa, bari in yi magana a madadinta. Mu mun taso a soron ƙasa, wanda da rana tsaka ciki yake da sanyi. Ku kuka kawo bulo da kwano, yanzu kuma kuna mana faɗa mun ƙi fanka. Kuma ba ƙarya ta yi ba, in ɗaki ya ɗau zafi sosai fanka iskar zafi take watsa wa mutum. Ki fito da ita tsakar gida ƙarƙashin bishiya ko rumfar zana, a yayyafa ruwa a ƙasa, a jiƙa mata mayafi mara nauyi, a sa fankar daga gefe tana juyawa, kada ta tsaya a kan gwiwoyinta. Da dare ta kwana a waje cikin gidan sauro. Ni da kuɗin a hannuna yake, silin ɗin nan zan fara gyarawa kafin in kira mai sola.

Tukunyar da malamar asibiti ta faɗa, wani malamin makaranta daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka don ajiye tumatir da gauta, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki ba Inna aikin jiƙa yashin da kanta. Abin da ke ɓata wa tsoho rai shi ne komai a yi masa, shi ba a tambayarsa komai.

Waya kuma kada ki zaunar da ita kina koya mata kamar 'yar aji. Nawa jikokin ne suka ci ni da yaƙi. Ki sa yaran Legas su riƙa aiko mata da saƙon murya a WhatsApp suna gaishe ta, yarinyar gida ta kunna mata.

Maman Hanifa, Fadaman Mada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na karanta wa Inna maganarka, ta ce a gaishe ka, wai ga wanda ya san abin da yake yi. Gobe in na tashi daga makaranta zan biya ta Muda Lawal in duba tukwane. Ɗan Bolari, mai sola na biyun na ce ya rubuta mini a takarda, ya ce zai kira ni, har yanzu shiru. In za a gyara silin, wanne ya fi hana zafi, na roba ko na katako?